Ranar da Aka Ce Inna Ta Yi Ƙiba

Innata ba ta taɓa yin ƙiba ba, kuma wannan ne laifinta na farko a gidan miji. Gidan su Baba a Djougou gidan fatake ne tun zamanin da kakanni ke ɗauko goro daga Gwanja, matan gidan kuwa duk masu jiki ne. Gwaggonnina uku in suka zauna a tabarma ɗaya, ko buta ba ta samun wuri. A wurinsu ƙiba shaida ce cewa miji yana ciyarwa, mace kuma ta samu kwanciyar hankali. Sai ga Baba ya tafi Bariénou sarin doya, ya dawo da zancen wata 'yar manomi, gajera, mai faɗin kafaɗa, wadda ke tayar da kunyar doya tare da yayyenta maza tun tana ƙarama.

Sun yi iya ƙoƙarinsu a kanta, wannan kam ba zan hana su ba. Da ta haife ni, babbar gwaggo ta tsare ta a ɗaki da kunun kanwa da gasasshen nama da fura mai man shanu. Inna ta cinye duk abin da aka kawo, ta suɗe kwano, ta fito daga jego yadda ta shiga, sai ma ƙarfi da ta ƙara. Gwaggo ta matsa dantsenta ta ce, "Wannan nama ne ko icce? Ai sai mutane su ce ɗan'uwanmu ba ya ba ta abinci." Da wannan maganar na tashi, a kowane suna da kowane biki sai an maimaita ta. Inna ba ta tanka musu, amma na sha ganin ta tana jan mayafi ta rufe hannuwanta in za ta shiga cikin mata.

Baba kuwa siriri ne, in ya sa babbar riga sai ka rasa inda yake a cikinta. Shi ne ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa wata rana bayan la'asar. Tansiyo, in ji likita, hawan jinin da ba wanda ya taɓa zaton siriri irinsa yana ɗauke da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya daɗe a kwance, kuma Inna ce ke ɗaukarsa ita kaɗai, ta kai shi wanka, ta dawo da shi, ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo. A watannin nan ban ji wanda ya tambaya ko nama ne ko icce ba. Da ya rasu ta gama takaba, ta ɗaure kayanta, ta kama hannuna muka hau mota zuwa Parakou, inda wani ɗan'uwanta ya sama mana ɗaki a Zongo.

A unguwar Guéma ta samu aiki, a rumfar sakwarar wata Hajiya, kusa da inda manyan motoci masu zuwa Nijar ke tsayawa. Wanda bai taɓa tsayawa kan turmin sakwara ba yana ɗauka daka ce kawai. Mata biyu ne ke lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Ta uku tana tsugune da ƙwaryar ruwa, tana tsoma hannu cikin turmin tana juya doyar tsakanin saukar taɓarya da taɓarya. Da zafinta ake daka doya, in ta huce ta yi gudaji ba mai saye. Saboda haka babu tsayawa, babu dogon tunani, kunne ne ke aiki. Mai juyi ba ta ma kallon taɓarya, sauti take bi, ta ba masu daka amanar yatsunta.

Inna ce ke jan luguden. Abokiyar dakanta wata doguwar mata ce 'yar Bargu, ina ce mata Tanti babba. Mai juyin kuma 'yar Dandi ce mai yawan dariya, ita ce Tanti ƙarama. Direbobin Nijar da na Najeriya, masu cewa kamiyo da masu cewa tirela, tun daga bakin titi suke gane ko Inna ce a kan turmi. Sai ka ji mutum ya leƙo yana cewa, "Gajerar nan tana nan ashe. To a zuba mini." A rumfar nan ne, karo na farko a rayuwarta, jikinta bai zama abin ɓoyewa ba. Takan naɗe hannun riga har kafaɗa, ta tofa bismilla, ta ɗaga taɓarya. Da turmin nan ta ciyar da ni, ta kai ni lekol har na zama malamar makaranta. Da na fara aiki na ce mata ta huta haka nan, kallon da ta yi mini ya sa ban sake tayar da maganar ba. Na gane cewa wurin nan nata a bakin turmi shi ne abin da ba ta so a taɓa.

Wata Lahadi wata ƙungiya ta kafa rumfa a filin wata makaranta a Zongo, aka yi shela a masallatai cewa za a duba lafiyar mutane kyauta. Inna ba ta jin ciwon komai. Maƙwabciyarmu ce ta ja ta, wata mata mai son shiga gaba a kowane lamari, wadda ta taɓa zama a Cotonou saboda haka take ganin ta iya Faransanci. Ni ma na bi su. Muka tarar da dogon layi, rana ta take. Kafin a zo kanmu tsinkayen gwajin suga sun ƙare. Abin da ya rage shi ne sikeli, da awon tsawo da aka manna a bango, da wani mutum mai farar riga a bayan tebur, ya gaji, gumi na bin wuyansa.

Inna ta hau sikeli da zaninta da hijabinta. Ta jingina da bango aka auna tsawo. Mutumin ya ɗauko abin awon jini zai ɗaura mata a dantse, ɗamarar ta ƙi haɗuwa. Ya ja, ya sake ja, ya yi tsaki ya ajiye. Sai ya ɗauko wani faifan kwali mai launi-launi, kore da rawaya da ja, ya juya shi da babban yatsa. Kibiyar ta tsaya a ja. Bai ɗago kai ba ya ce, "Obèse."

Kafin in buɗe baki maƙwabciya ta riga ni. "Ya ce kin yi ƙiba."

Inna ta ce, "Wa? Ni?"

"Ke fa. Likita ya ce kin yi ƙiba sosai."

Wallahi ban taɓa ganin fuskar Inna kamar yadda na gan ta a lokacin ba. Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya, idonta har da ƙwalla. Ta juyo ta dafa ni ta ce, "Ke, kin ji? Likita da kansa! Yau sai ki kira Djougou ki gaya wa gwaggonninki." Matan da ke bayanmu a layi suka hau yi mata barka, wata tsohuwa ta ce Allah ya ƙara kwanciyar hankali, Inna ta amsa da amin da ƙarfi. Ta ma duƙa ta yi wa mutumin godiya.

Shi kuma ransa ya ɓaci, yana ganin dariya ake yi masa. Ya ajiye biro ya fara zuba Faransanci: zuciya, tansiyo, suga, jijiyar ƙwaƙwalwa. Da ya ga ba ta fahimta, sai ya saki hannunsa na dama ya yi lilo, ya karkatar da bakinsa gefe guda. Wannan ba ya bukatar tafinta. Dariyar Inna ta ɗauke nan take. Maƙwabciya kuwa, Allah ya yafe mata don ni har yau da saura, ta ƙara da abin da mutumin bai faɗa ba. Ta ce, "Ya ce irin ciwon da ya kashe mijinki ne ke zuwa."

Nan na tashi. Na ce masa da Faransanci, malam, ka dubi matar nan da kyau. Ina kitsen? Na kama hannun Inna na ture hijabin na ce ya taɓa ya ji. Na ce ka tambaye ta ma aikin da take yi? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ba taɓe-taɓe ya zo yi ba, lissafi ne, lambarta ta haura talatin, lamba kuma ba ta san son kai ba. Ya ce ai kin gani da idonki, ko ɗamarar awo ba ta zagaye hannunta ba. Na ce haba, ɗamararka ce ƙarama! Muryata ta fara tashi, mutane suka fara juyowa. Sai Inna ta fizge hannunta ta ce, "Rufe mini baki. Don kin yi lekol sai ki fi likita sani? Ba shi haƙuri." Ban ba shi ba, amma na yi shiru.

Ya jero dokoki, maƙwabciya na fassarawa tana ƙara gishiri. Ban da sakwara, ban da tuwo, ban da mai, ban da cin dare. Ganye da ruwa. Sannan ya kawo wadda har gobe in na tuna sai jinina ya tafasa: wai ta riƙa motsa jiki. Ta daina yawan zama, ta riƙa ɗan tattaki kullum. Matar da ke ɗaga taɓarya tun hantsi har la'asar sakaliya, ita ake ce wa ta daina zama! Na yi dariyar takaici, ya harare ni, ya kira na gaba.

Daga baya na zauna na karanta abin nan da kyau, IMC suke ce masa da Faransanci. Lissafi ne da 'yan ajina za su iya: a ɗauki nauyinka a raba da tsawonka, a sake rabawa da tsawonka. Iyakarsa ke nan. Ba ya tambayar shekarunka, ba ya tambayar sana'arka, ba ruwansa da ko nauyin nan kitse ne ko tsoka ko ƙashi. Alhali tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya ne, shi ya sa gajeren mutum mai ƙirar ƙarfi zai faɗa ja ko da babu abin da za a tsunkula a cikinsa. Ban ce ba shi da amfani ba. In gari guda ake so a duba, yana nuna inda za a sa ido, in kuma mutum ɗaya ne, alama ce ta a ƙara bincike. Amma an ɗauki alama an yanke wa uwata hukunci da ita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na lissafa na Baba da abin da nake tunawa na jikinsa. Da ya zo rumfar awon nan mako guda kafin ya faɗi, da kore zai samu, a sallame shi da fatan alheri.

Duk wannan na bayyana wa Inna, da lallashi, da faɗa, har da zane a takarda. Ko a jikinta. Ta daina cin sakwarar da take dakawa. Da rana, lokacin da su Tanti ke zama su ci nasu da miyar gyaɗa da wagashi, wato soyayyen cuku, ita sai ta koma gefe da kokwamba da latas. Da safe ruwan zafi da lemun tsami, shawarar maƙwabciya. Da dare ba komai. Ta daina hawan zem, wato babur ɗin haya, tana takawa a ƙasa daga Zongo zuwa Guéma, ta yi dakan yini, ta sake takowa gida, wai tattakin likita. Hajiya mai rumfa ta yi mata magana, Tanti babba ta yi mata tsiya, ta ce akuya kaɗai ta sani da ke aiki da ganye a ciki. Inna ta yi murmushi ta ci gaba da tauna kokwambarta.

Akwai wani kantin magani a hanyarta mai sikeli a bakin ƙofa. Duk Juma'a sai ta hau. Allura na ja da baya, ita tana murna, ta dawo gida ta ba ni labari kamar yarinyar da ta ci jarrabawa. Ni kuwa ina kallon abin da ke zubewa. Ba kitse ba ne, don babu shi tun farko. Kafaɗunta ne ke zubewa. Rigunan da da ke kama dantsenta suka fara lilo, fatar hannun ta saki. Wuyanta ya fito. In ta tashi daga sujada sai ta dafa bango ta ɗan tsaya.

Wata rana da yamma na dafa tuwon masara da miyar kuɓewa, wadda ta fi so, na ajiye a gabanta na ce wallahi yau sai ta ci. Ta ture kwanon. Na fashe. Na ce Inna kashe kanki za ki yi saboda faifan kwali? Saboda mutumin da bai ko kalli fuskarki ba? Na faɗi maganganu da yawa, da ƙarfi, har maƙwabta suka yi tsit a ɗakunansu. Ta bari na gama. Sannan ta ce, a hankali, "Ba mutuwa nake tsoro ba. Kwanciya nake tsoro. Ni na ɗauki babanki. Ke dubi hannunki. In na kwanta, wa zai ɗauke ni?" Na dubi hannuna, irin na Baba ne, alli kaɗai ya saba riƙewa. Na ɗauke kwanon na rufe.

Abin da nake gudu ya faru wata ranar kasuwa, rumfa cike da direbobi. Ba na wurin, Tanti babba ce ta ba ni labari. Suna cikin lugude, jiri ya ɗebi Inna, taɓaryarta ta makara. Ɗan jinkiri ne da ido ba zai gani ba. Tanti ƙarama ta ji lokacin sa hannu ya yi, ta sa, taɓaryar Inna ta sauko a kan yatsunta. Biyu suka karye. Aka ɗauke ta a zem zuwa wurin mai ɗori tana ihu, Inna na biye da su a guje ba takalmi. Tanti ƙarama ba ta riƙe ta a zuci ba, tun a ranar ta ce ƙaddara ce. Amma Hajiya tana da rumfar da za ta riƙe. Ta kira Inna gefe ta ce ba korarta za ta yi ba, shekarun da suka yi tare sun wuce haka, sai dai ta koma wurin ferayen doya har ta ji sauƙi. Ta ɗauko wata budurwa ƙaƙƙarfa daga ƙauye ta ba ta taɓaryar.

Feraye aikin tsofaffi ne a rumfar, a bayan katanga ake yin sa, kan kujera 'yar tsugune, da tsohuwar wuƙar da kowa ke ara. Inna ta zauna a can ta kama aikinta. Kuma, abin haushi, ba ta fasa cin ganyenta ba. A ganinta jirin ma alamar ciwon ne da likita ya faɗa, saboda haka sai ta ƙara tsanantawa.

Sunan jikan babbar gwaggo ne ya kai mu Djougou. Na matsa mata sai da muka je. Muna shiga tsakar gida gwaggo ta ɗago kai, ta saki ludayin da ke hannunta. Ta tsufa, ciwon suga ya rage mata jiki, amma bakin yana nan. Ta ce, "Innalillahi! Matar ɗan'uwana, me ya cinye ki?" Na kwashe labarin duka na gaya mata, ina yi ina huci. Ta saurara har ƙarshe, ta dubi Inna ta ce, "Ƙiba? Ke? Ni da na ɓata man shanuna a kanki ban samu ko loma ɗaya ta kitse ba, shi wane ne da zai gano ta da kwali? Ni za a gaya wa ƙiba?" Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji ina son gwaggon nan har zuciya. Washegari ta sa mayafi ta ce mu bi ta wurin likitar da ke duba sugarta.

Wata dattijuwa ce a wani ƙaramin asibiti, tana jin Hausa sarai. Kafin ta taɓa komai ta ce, "Mama, wane aiki kike yi?" Inna ta ce, "Da ina dakan sakwara." Likitar ta ce tun yaushe, awa nawa a yini, me take ci da, me take ci yanzu. Ta zagaya tef a ƙugunta. Ta auna jini, ta sa aka ɗebi na gwaji, ta ce mu dawo. Da muka dawo ta ce tansiyo lafiya, suga lafiya, ƙugu ba shi da abin damuwa. Ciwon da ta gani ɗaya ne, yunwa. Jini ya yi ƙasa, tsoka ta zube. Ta ce faifan nan ita ma tana da shi a aljihun tebur, yana taimaka mata, amma in ɗan dako ko maƙeri ko ɗan kokawa ya zo, ta san ja zai nuna, don haka tef da gwajin jini take bi. Ba ta zagi mai farar rigar can ba, ta ce mai yiwuwa abin da aka koya masa ke nan, kuma mutane sun yi masa yawa. Ni dai ban karɓi wannan uzurin ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin lokaci.

Inna ta saurara, sannan ta ce, "To ni wanne zan bi? Wancan farar riga, ke ma farar riga." Likitar ta yi dariya ta ce, "Ki bi wadda ta tambaye ki sunan aikinki. Ki je ki ci abinci, Mama." Da Inna ta fita, likitar ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta rage murya. Ta ce jini zai dawo, jiri zai tafi, amma tsoka a shekarun Inna tana saurin tafiya, dawowarta kuma sai a hankali, wani lokaci ba ta cika dawowa duka. Na ce na ji. A raina na ce ba ta san Inna ba ne.

Gwaggo ta riƙe Inna a Djougou ta yi ta ɗura mata wasa-wasar garin doya da nama da fura. Da ta dawo Parakou na ci gaba. Ta koma hawan zem, ta daina bi ta gaban kantin maganin. Fuskarta ta ciko, jirin ya tafi, ta fara yi mini faɗa kan shara da wanke-wanke, abin da ya nuna mini lafiya ta samu. A tsakar gida takan ɗauki taɓaryar maƙwabta ta daka musu hatsi ba su roƙe ta ba. Na san abin da take gwadawa, na yi kamar ban gani ba.

Tanti ƙarama ce da kanta ta roƙi Hajiya. Yatsunta sun warke, ɗaya ya ɗan karkace, ta koma juyi. Ta ce ita dai hannunta bai saba da sautin budurwar nan ba, a dawo mata da gajerarta. Hajiya ta yarda a gwada ranar Asabar da safe, kafin direbobi su cika. Ba ni da makaranta ranar, na bi ta. Inna ta sa sabuwar riga. Aka juye doya mai tururi a turmi, budurwar ta miƙa mata taɓarya ta koma gefe. Inna ta naɗe hannun riga, ta yi bismilla, ta ɗaga.

Suka fara. Taɓarya na sauka, taɓarya na tashi, Tanti ƙarama na tsoma hannu tana fitarwa tana dariya. Ba a yi karo ba, ba a yi tuntuɓe ba. Ni ina tsaye jikin ginshiƙi ina jin kamar in yi guɗa. Sakwara ta haɗu, sumul, ba gudaji. Tanti babba ta ɗaga taɓaryarta sama ta yi kirari da yaren Bargu, Hajiya ta tafa. Aka kawo doyar turmi na biyu. Inna ta dubi doyar, ta dubi Tanti babba, sannan ta juya ta miƙa wa budurwar taɓaryar da hannu biyu. Ta sauke hannun rigarta. Ta ce musu tana zuwa, ta fita bakin titi.

Na bi ta da sauri. Na ce, "Inna, lafiya? Kin gani ai, kin iya! Ko gudaji ɗaya babu."

Ta ce, "Ba ki ji ba?"

"Me zan ji?"

"Jira na suke yi." Ta goge gumin goshinta da gefen ɗankwali. "Doguwar tana riƙe taɓaryarta a sama sai tawa ta sauka. Ƙaramar kuma kallon hannuna take. Tun da muke ba ta taɓa kallo ba."

Na ce ai farko ne, da sannu zai dawo. Na ce don suna son ta ne. Ta ce ta sani, shi ya sa. A bayanmu luguden ya tashi, na budurwar da Tanti babba, mai sauri, irin wanda ake ji daga titi. Sai a lokacin kunnena ya kama bambancin. Inna ta tsaya tana saurare, kanta a sunkuye, yatsunta na bugawa a cinyarta daidai da sautin, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Na so in nemo mutumin nan mai faifai in kawo shi bakin titin nan ya tsaya ya gani. Ban san sunansa ba, ban san garin da ƙungiyar ta nufa ba, kuma na tabbata shi bai ma tuna da wata gajerar mata da ta yi masa godiya ba.

Da turmin ya ƙare Inna ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ce, "In kin shiga kasuwa ki sayo mini wuƙa mai kyau, tawa ta kaina. Ta rumfar nan ba ta ci." Sannan ta zagaya ta bayan katanga, ba ta bi ta gaban turmin ba.